Wa Ke Biya Idan Ɗan Sanda Ya Kashe Mutum a Amurka?

Sa'o'i kaɗan bayan mutuwar George Floyd ranar 25 ga Mayu, 2020, rundunar 'yan sandan birnin Minneapolis ta fitar da sanarwa ga manema labarai. Ta ce wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta taso masa a hannun jami'ai. Ta ce ya yi gardama, an sa masa ankwa, sai aka lura jikinsa ya rikice, aka kira motar asibiti, ya cika a can. Ta ƙara da cewa ba a yi amfani da makami ba, kuma babu jami'in da ya ji ciwo. Ko kalma ɗaya babu a kan gwiwar ɗan sanda Derek Chauvin da ta danne wuyan mutumin nan minti 9 da daƙiƙa 29, yana kwance rub da ciki a kan kwalta, hannuwansa ɗaure ta baya, yana cewa ba ya iya numfashi, yana kiran mahaifiyarsa da ta riga ta rasu. Duk wannan a kan zargin takardar dala 20 ta jabu.

Da Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ba ta raka ƙaramar 'yar'uwarta kanti a wannan yammaci ba, da ba ta daure ta riƙe wayarta har ƙarshe ba, wannan sanarwa ce za ta zama tarihin mutuwar Floyd. A rufe fayil, Chauvin ya sa kakinsa washegari ya koma bakin aiki, kamar yadda ya riƙa komawa bayan ƙorafe-ƙorafe fiye da goma sha biyar da aka shigar a kansa a shekarunsa 19 na aiki.

Mutane da yawa sun ɗauki ɗaurin shekara 22 da rabi da aka yi masa a 2021 a matsayin shaidar cewa tsarin shari'ar Amurka yana aiki. Ni ban gan shi haka ba. Adalcin da sai an yi sa'ar mai wucewa da waya a hannu, sai miliyoyin mutane sun cika tituna daga Amurka har Turai, wannan ba tsari ba ne, dace ne. Abin da na yi imani da shi shi ne: launin fata ne ke yawan zaɓar wanda za a danne, amma abin da ke sa a sake dannewa gobe shi ne wanda ya danne ba ya jin komai a jikinsa. Aikinsa na nan, albashinsa na nan, ko kwabo ba ya fita daga aljihunsa.

Ƙaryar rahoton farko ba a Minneapolis aka fara ta ba. A Chicago, cikin Oktoban 2014, ɗan sanda Jason Van Dyke ya ɗirka wa Laquan McDonald, ɗan shekara 17, harsashi 16. Rahotannin jami'an da ke wurin sun ce yaron ya yo kansu da wuƙa. Bidiyon kyamarar motar 'yan sandan ya nuna yana tafiya yana nisa da su, kuma yawancin harsasan sun same shi ne bayan ya faɗi ƙasa. Hukumomin birnin sun ga wannan bidiyo. Suka biya iyalinsa dala miliyan 5 tun kafin a shigar da ƙara, suka ɓoye bidiyon wata 13, sai da alƙali ya tilasta aka fito da shi. A ranar da aka fito da shi, a ranar aka tuhumi Van Dyke. An same shi da laifi a 2018, ya yi shekara uku da 'yan watanni ya fito. Jami'ai uku da aka gurfanar bisa zargin rufa masa asiri kuwa an wanke su. A South Carolina, cikin Afrilun 2015, Michael Slager ya tsayar da Walter Scott saboda fitilar birkin motarsa ta mutu, ya harbe shi ta baya yana gudu, sannan ya ce mutumin ya ƙwace masa na'urar jan lantarki. Wani matashi da ke hanyarsa ta zuwa aiki ne ya ɗauki hoton abin da ya faru. Ko da wannan bidiyo, masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa cimma matsaya a shari'ar farko. Sai a kotun tarayya aka ɗaure shi shekara 20.

Waɗannan su ne waɗanda aka ɗauki hotonsu. Jaridar Washington Post ta fara ƙirga waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira tun 2015, domin gwamnati ba ta da cikakken lissafi, ta samu kimanin mutum 1,000 a kowace shekara. Baƙar fata ba su wuce kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma idan aka auna da yawansu, ana kashe su fiye da ninki biyu na farar fata. A cikin dubun nan, jami'an da ake tuhuma da kisa a shekara ba su taka kara sun karya ba.

Duk ɗan Afirka ta Yamma da ke mafarkin zuwa Amurka ya kamata ya san sunan Amadou Diallo. Bafulatani ne ɗan Gini, shekararsa 23, yana kasa safa da kasakasai a bakin titin New York yana tara kuɗin karatu. Bayan tsakar dare ranar 4 ga Fabrairu, 1999, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tsaya a kansa. Ya sa hannu aljihu ya ciro walat. Suka yi harbi sau 41, harsashi 19 suka same shi. Ba shi da makami, ba shi da tarihin laifi. Aka ɗauke shari'ar daga Bronx aka kai ta Albany, a shekarar 2000 aka wanke duka huɗun. Hujjarsu ita ce sun ɗauka bindiga ya ciro, sun ji tsoro don rayukansu.

A nan gizo ke saƙa. Wannan magana ta "na ji tsoro don raina" ba kame-kame ba ce kawai, doka ce ta ba ta ƙarfi. A 1984, a birnin Charlotte, wani mai ciwon sukari, Dethorne Graham, ya ji sukarin jikinsa na sauka, ya sa abokinsa ya kai shi kanti ya sayi lemon zaƙi. Ya tarar da layi ya yi tsawo, ya fito da sauri. Ɗan sanda ya ga baƙin mutum ya shiga kanti ya fito a gaggauce, ya bi su ya tsayar. Kafin a gane babu abin da ya sata, an sa masa ankwa, an jefa shi mota, ya samu karaya a ƙafa da raunuka a wuyan hannu da goshi. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1989 ta kafa ma'aunin da ake bi har yau: a auna ƙarfin da jami'i ya yi amfani da shi da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a daidai lokacin, ba da idon wanda ya zauna daga baya ya san yadda abin ya ƙare ba.

A takarda, wannan magana ce mai ma'ana. Amma ka duba abin da take haifarwa a ƙasar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana koya wa 'ya'yanta cewa baƙin namiji abin tsoro ne, ƙasar da tun 1704 ake da 'yan sintirin farautar bayi a Carolina, ƙasar da a 1965 'yan sanda a kan dawakai suka tattake masu neman 'yancin zaɓe a gadar Selma. Idan tsoro ne ma'auni, kuma an gaji tsoron wani launi kaka da kakanni, to wariyar ta shiga kotu ba tare da kowa ya ambaci launi ba. Jami'in ma ba sai ya yi ƙarya ba. Yana iya jin tsoron da gaske, masu taya alƙali su gaskata shi domin su ma da sun ji.

Tamir Rice shekararsa 12 lokacin da yake wasa da bindigar roba a wani filin shaƙatawa a Cleveland, cikin Nuwamban 2014. Wanda ya kira 'yan sanda ya ce mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, kuma mai yiwuwa yaro ne. Ba a isar wa jami'an wannan ba. Motarsu ba ta gama tsayawa ba Timothy Loehmann ya harbe shi, cikin kamar daƙiƙa biyu. Da aka kira ofis ta rediyo, cewa aka yi baƙin namiji ne, zai kai shekara 20. Yaro ɗan firamare, amma idon da ya kalle shi ƙato ya gani. Ba a tuhumi kowa ba. Philando Castile kuwa ya yi duk abin da iyaye baƙar fata ke gaya wa 'ya'yansu su yi. Ma'aikacin ɗakin cin abincin wata makaranta ne, 'yan sanda sun tsayar da shi a hanya fiye da sau 40 a rayuwarsa, yawanci kan ƙananan laifukan tuƙi. A Yulin 2016, da aka sake tsayar da shi, cikin ladabi ya shaida wa jami'in cewa yana da bindiga a tare da shi, wadda kuma yana da lasisinta. Jeronimo Yanez ya yi harbi sau 7 cikin motar, budurwar Castile na gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. An wanke Yanez a 2017.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba zan raina ta ba. Amurka ƙasa ce da bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanenta yawa. Ɗan sandan da ya tsayar da mota da daddare bai san me zai tarar ba, kuma duk shekara ana kashe jami'ai a bakin aiki, su ma suna da mata da 'ya'ya. Gaskiya ne kuma cewa kusan rabin waɗanda ake harbewa farar fata ne. Daniel Shaver bature ne. A 2016 aka harbe shi a barandar wani otal a Arizona yana rarrafe yana kuka yana roƙon kada a kashe shi, kuma aka wanke wanda ya harbe shi. Sai dai wannan bai rushe maganata ba, ƙarfafa ta ya yi. Rigar kariyar da aka ɗinka wa jami'i ba ta tambayar launin gawa. Baƙar fata ne dai suka fi yawan cin karo da ita, saboda unguwanninsu aka fi yi wa sintiri, motocinsu aka fi tsayarwa. Binciken da Ma'aikatar Shari'a ta yi a garin Ferguson a 2015 ya nuna baƙar fata su ne kashi 67 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, kashi 93 na waɗanda ake kamawa, kuma hukumomin garin suna matsa wa 'yan sanda su ƙara yawan tara domin cike kasafin kuɗi.

A jihar Minnesota ɗin da aka wanke Yanez, wata guda bayan hukuncin, wani ɗan sanda ɗan asalin Somaliya, Mohamed Noor, ya harbe Justine Damond, baturiya 'yar Ostireliya da ita ce ma ta kira 'yan sanda. Shi ma ya ce ya tsorata. An same shi da laifi, an ɗaure shi, kuma daidai ne, domin ya kashe baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba. Iyalinta sun karɓi dala miliyan 20. Mahaifiyar Castile ta karɓi kusan miliyan 3. Ban ce a rage wa waccan ba. Ina tambaya ne me ya sa tsoron Yanez ya zama hujja, tsoron Noor bai zama ba.

To idan kotun laifi ta gagara, saura ƙarar neman diyya. Akwai doka tun 1871, wadda aka yi don kare 'yantattun bayi daga ƙungiyar Ku Klux Klan da jami'an da ke ɗaure mata gindi, ta ba kowa damar ya kai ƙarar jami'in da ya take masa haƙƙi. Amma daga 1967 zuwa 1982 Kotun Ƙoli ta gina wata katanga a gabanta: ba za a kama jami'i da alhaki ba sai mai ƙara ya nuna cewa wata kotu ta taɓa yanke hukunci a kan lamari kusan iri ɗaya sak, ta ce haram ne. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba wasu 'yan sandan birnin Fresno wannan kariya a ƙarar da aka zarge su da sace kuɗi da sulalla masu daraja na sama da dala 225,000 lokacin binciken gida da wurin kasuwanci. Dalilin kotun shi ne babu wani hukunci a baya da ya fayyace cewa satar kayan da aka kama da sammacin bincike ta saɓa wa tsarin mulki.

Ko da an tsallake katangar an yi nasara, wa ke biya? Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar California da ke Los Angeles ta bi diddigin kuɗaɗen da aka biya a irin waɗannan ƙararraki a rundunoni da dama tsakanin 2006 da 2011. Ta gano cewa gwamnatoci ne suka biya kusan kashi 99.98 cikin 100. Dala miliyan 27 na iyalin Floyd, miliyan 12 na iyalin Breonna Taylor da aka harbe a cikin gidanta a Louisville, kusan miliyan 6 na iyalin Eric Garner da aka shaƙe a New York yana cewa ba ya iya numfashi har sau 11, miliyan 3 na iyalin Diallo: daga asusun birni suka fito, wato daga harajin jama'a, har da na maƙwabtan mamacin. Kuma sau da yawa a takardar sulhun an rubuta cewa birnin bai amsa laifi ba. Mu da muka tashi da sanin diyya a shari'ar Musulunci mun san hikimar ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi kisan: idan kun san ku za ku biya, za ku sa wa ɗanku ido tun bai yi ɓarna ba. A nan an juya abin. Waɗanda ke da ikon tsawata wa jami'in, wato abokan aikinsa da ƙungiyarsu ta ƙwadago da ke tsaya masa a duk wani zaman ladabtarwa, ba sa asarar komai.

Wasu na ganin maganin shi ne a ɗauki baƙar fata da yawa aikin ɗan sanda. Yana da kyau a ɗauka, amma Memphis ta nuna iyakar wannan. Jami'ai biyar da suka lakaɗa wa Tyre Nichols duka a Janairun 2023, har ya mutu bayan kwana uku, dukkansu baƙar fata ne. 'Yan wata runduna ce ta musamman mai suna SCORPION, masu yawo a motocin da ba su da alama, da aka sake su a unguwannin talakawa aka ce su kawo sakamako. Waɗanda suka kashe Diallo ma 'yan irin wannan runduna ne. Ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba. Wata biyar bayan mutuwar Floyd matasanmu suka fito kan SARS. Aka sanar da rusa ta ranar 11 ga Oktoba, 2020, bayan kwana biyu aka sanar da SWAT. A wurinmu babu batun launi, mai duka da wanda ake duka duk fata ɗaya ce, abin da ake dubawa shi ne wa ka sani, nawa ne a aljihunka. Amma rahoton farkon iri ɗaya ne. Matasa shida da aka kashe a Apo, Abuja, cikin Yunin 2005, 'yan fashi aka fara kiransu, kuma sai 2017 kotu ta yanke hukunci. Don haka ba na rubuta wannan da jin mun fi wani.

Abin da ya sa shari'ar Floyd ta bambanta ba bidiyo kaɗai ba ne, kuma a nan darasin yake. An karɓe ƙarar daga hannun mai gabatar da ƙara na yankin, wanda kullum da 'yan sandan birnin yake aiki kuma da shaidarsu yake cin shari'o'insa, aka miƙa wa babban lauyan jiha, Keith Ellison. Shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, ya shiga akwatin shaida ya ce abin da jami'insa ya yi ya saɓa wa horo da ƙa'idar aiki. Sannan aka hukunta sauran ukun da ke wurin. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Lane, kwanakinsa ƙalilan da fara aiki. Sau biyu yana tambaya ko a juya mutumin nan ya kwanta ta gefe, Chauvin ya ce a'a, shi kuma ya ci gaba da riƙe ƙafafu. Ina tausaya masa, kuma ina ganin ɗaurinsa daidai ne. Sabon ɗan sanda ya kamata ya san cewa yin shiru a gaban na gaba da shi zai iya kai shi kurkuku, domin a wannan minti tara babu wanda ke da ikon ɗaga gwiwar nan sai masu kaki.

Waɗannan abubuwa uku bai kamata su jira zanga-zanga ba. Doka ya kamata ta wajabta su a duk lokacin da rai ya salwanta a hannun jami'i. A ƙara da na huɗu, wanda jihar Colorado ta yi a 2020: ta cire waccan kariya a ƙararrakin da aka shigar ƙarƙashin dokar jiha, ta ce jami'in da aka samu bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba zai biya kashi 5 na diyyar ko dala 25,000 daga aljihunsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ba kuɗin da zai talauta mutum har abada ba ne, amma ya isa ya sa shi tunani.

A matakin tarayya kuwa baya ake ci. Ƙudirin dokar da aka sa wa sunan Floyd ya wuce Majalisar Wakilai a Maris na 2021, ya maƙale a Majalisar Dattawa. A 2023 Ma'aikatar Shari'a ta tabbatar da cewa 'yan sandan Minneapolis na nuna wariya ga baƙar fata da 'yan asalin ƙasar. A Mayun 2025, ana saura kwanaki a cika shekara biyar da kisan, sabuwar gwamnatin Donald Trump ta nemi kotu ta yi watsi da yarjejeniyar gyaran rundunar, da ta Louisville. Adadin waɗanda ake harbewa bai sauka ba bayan 2020, sama da 1,000 ya riƙa yi. Ƙasar na da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowacce da ikon ɗaukar wanda ta ga dama, kuma rajistar ƙasa ta jami'an da aka samu da laifi, wadda wancan ƙudiri ya tanada, ta mutu tare da shi. Loehmann, wanda ya harbe Tamir Rice, tun kafin ya zo Cleveland wata ƙaramar runduna ta rubuta cewa bai dace da aikin ba. Cleveland ta kore shi a 2017, ba don kisan yaron ba, sai don ya ɓoye wancan tarihi a takardar neman aiki. A 2022 wani ƙaramin gari a Pennsylvania ya rantsar da shi a matsayin ɗan sandan garin, kuma sai da mazauna garin suka gane ko wane ne suka fito titi kafin ya ajiye aikin.